Ƙofar da Magini Ya Toshe

Magini na tsaye a barandar asibiti, matarsa na ciki zazzaɓi na cin ta. An yi mata tiyata an ciro jariri lafiya, amma ɗinkin ya ƙi kamawa, sai ruwa yake yi yana wari.

Asibitin nan da hannunsa ya gina shi. A zane, sashen wanke kayan tiyata ɗaki biyu ne, ƙofa biyu. Almakasan da suka sha jini su shiga ta ɗaya, a wanke, a turara, su fita ta ɗayar ba tare da sun sake haɗa hanya da ƙazanta ba.

Ana cikin gini manajan asibitin ya zo zagaye, ya yatsina fuska.

"Ofishina kamar akurki! Wannan ɗakin na mene ne?"

"Na wanke-wanke ne, yallaɓai," in ji magini yana dariya. "Ni ban taɓa ganin madafa mai ƙofa biyu ba."

"To toshe ƙofa ɗaya, ka fasa mini shi ta ofis."

Ba wanda ya nemi mai zanen. Likitoci suka gani, kowa ya ce ba huruminsa ba ne. Manaja ya samu falo har da banɗaki, kayan tiyata kuma aka cusa su ɗaki guda. Abin haushi, har tukuici magini ya samu.

Yanzu yana neman nas ta zo ta duba matarsa, sai ƙafa ta kai shi sashen. Ya leƙa. Ga tire cike da almakasai jina-jina, an dire shi a tebur ɗaya da ƙunshin da aka gama turarawa, ruwan jinin na bi ta ƙarƙashin ƙunshin. A bayan teburin ya ga shacin ƙofar nan. Ya gane shafen hannunsa.

Matar ba ta kai ga goya jaririnta ba.

Manaja ya kira shi ofis, ya ba shi kujera mai laushi. "Sai haƙuri, kwana ne ya ƙare."

Magini ya dubi bangon. "Yallaɓai, ni na jera bulon nan."

Jama'a, zanen asibiti ba kwalliya ba ne. Abin da ba ka san amfaninsa ba, tambaya kafin ka rushe. Wanda ya gani ya yi shiru ma da hannunsa a ciki.