Gidan Sauron Kamaluddeen

Ranar Talata ce, cikin Agusta. An kwana ana ruwa a Gummi, gari ya waye da zafi.

Kamaluddeen ya fito daga ɗakin da ke jikin zaure yana sosa goshi. An sake cizonsa a goshi da kunne da gefen wuya. Ƙafafunsa kuwa lafiya lau.

Hutun aiki ne ya kawo shi daga Jos, bayan shekaru bai taka gida ba. Bara zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a asibiti har aka ƙara masa ruwa, don haka bai zo da wasa ba. Ya zo da sabon gidan sauro, da man korar sauro, da riguna masu dogon hannu. Kafin ya kwanta sai ya bi katifa kusurwa-kusurwa yana cusa bakin gidan sauron. Da safe sai ya tarar da gefen da kansa yake a sake, sauraye sun sha sun ƙoshi, sun maƙale a ciki ko tashi ba sa iyawa.

"Yaya, wanga goshi naka ya koma gonar dankali," in ji ƙanwarsa Rahina, tana ajiye masa kunu.

"Wa ke shiga ɗakina?"

"Wa za shi shiga? Zinari ka aje ciki?"

"To, kyanwarki ce."

"Kyanwata ba ta son warin mayukanka. Kai dai kake birgima kamar ana gasa ka."

Ya sa aka kulle kyanwar a kicin. Washegari bakin gidan sauron a sake.

Ya fesa maganin sauro na fiya-fiya har ya kwana yana tari. Ya turara ganyen daddoya. Ya ɗauki shebur ya cike kududdufin bayan gida, ya yi cacar baki da maƙwabci a kan kwatar da ke kwance a bakin katanga, har mutumin ya daina amsa gaisuwarsa. Ya shanya gidan sauron a rana yana neman huda, bai samu ba. Ƙofar ce kawai bai iya rufewa ba, don ɗakin ba taga, in ya rufe sai ya dahu. Labule ya bari.

Daga baya ya juya kwanciya, ya mai da kansa wajen ƙafa. Da safe can ɗin ne ya saki. Ya zauna a bakin katifa yana shafa man kaɗanya a wuya, kamar ya fasa ihu.

Ba cizon kaɗai ke cinsa ba. Shi ne ɗan fari a gidan, kuma mahaifinsa, Malam Dodo, mutumin da ne mai riƙe da kunyar ɗan fari. Tun da aka haife shi tsohon bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube shi a gaban mutane ba. Kamaluddeen ya san al'ada ce. Amma yanzu shi kansa ya fara furfura, tsohon kuma ƙarfi ya ƙare, ya zaci tsufa ya sassauta abin. Ranar da ya iso, bango Malam Dodo ya kalla ya ce, "An zo lahiya?" Shi ke nan.

Da ya je gaisuwar safe ya durƙusa ya ce, "Baba, sauron garinga za shi kashe ni."

Tsohon ya ci gaba da jan carbi.

"Damina ce," ya ce.

Da la'asar kai ya fara sara masa. Ya je kemis aka soki yatsa aka duba, aka ce ba a ga komai ba tukuna, amma ya kiyaye, kuma ya daina sosawa kada ya zama gyambo. Ya dawo ya fara naɗe kaya, alhali ko rabin hutun bai ci ba.

Rahina ta tsaya a bakin ƙofa. "In ka tahi haka, sai yaushe kuma?"

"Ban sani ba. Wa ya damu? Mutumin da in an haɗa ni da wasu ba shi iya nuna ni?"

Ta je ta gaya wa tsohon. Ta dawo da kalma huɗu: "Allah shi kiyaye hanya."

Kamaluddeen ya ja zif ɗin jaka da ƙarfi har ya tsinke.

Washegari ya farka tun kafin kiran salla, don ya samu motar farko ta Gusau. Ya taɓa bakin gidan sauron, ya ji shi a cushe yadda ya bar shi. Yana shirin tashi sai labule ya motsa.

Ya rufe ido, ya dunƙule hannu. Yau zai kama ko wane ne.

Aka zaro bakin gidan sauron daga ƙarƙashin katifa, daidai kansa. Hasken tocila da aka rufe da tafin hannu ya sauka a fuskarsa, ya daɗe bai gusa ba. Wani hannu ya taɓa masa goshi. Aka yi addu'a ƙasa-ƙasa, aka tofa masa.

Kamaluddeen bai kama hannun ba, bai kuma tashi neman mota ba. Yana nan kwance, sauro na kuka a kunnensa, yana sauraron takun Malam Dodo, wanda ya saki gidan sauron a buɗe kamar kullum ya wuce masallaci.