Allura a Ƙofar Haikali

Da layi ya kusa zuwa kanta, matar maɗinki ta ɓoye hannunta cikin mayafi. Tun da haikalin Ubangiji Ɗaya ya haramta 'yan ruwa-biyu, mai gadi yake soka wa kowa allura a yatsa. Jinin mutanen tudu ja ne. Nata kore ne, don uwarta 'yar teku ce. Wanda aka kama ba ya komawa gida.

Aka soki surukarta, wadda ba ta taɓa yi mata murmushi ba. Tsohuwar ta juyo ta damƙe mata hannu. Matar ta ɗauka shi ke nan, asirinta ya tonu.

"Kai, ai ka soki wannan!" tsohuwar ta daka wa mai gadi tsawa. "Jininmu za ka ƙarar?"

Matar ta dubi yatsanta. Jajawur da jinin tsohuwar, da ɗuminsa.