Ihun da Ke Tsakiyar Waƙa

Odessa Pruitt na yanka kek ɗin bikin jikarta a wani zauren coci a Philadelphia sai ta ji gangar farko. Ta dire wuƙar.

Sharaɗi ɗaya ta kafa wa bikin nan: kada a saka "Juya Ni". Sau uku ta faɗa wa mai saka kiɗan.

Amma wa zai yi biki a garin nan babu "Juya Ni"? Tun 1974, lokacin da kiɗan disko ke tasowa, waƙar ta kama gari, kuma Odessa ce ta rera ta. Rabin ƙarni ana rawarta, ita ko sau ɗaya ba ta taɓa yin ta a gaban jama'a ba. Aka ce girman kai ne.

Nan da nan fili ya cika. Kowa jira yake a zo tsakiya, inda kiɗa ke ɗaukewa, muryarta ta tsage da ihun nan da ya yi wa waƙar suna. Da aka zo wurin, mutum ɗari biyu suka ɗaga hannu suka kurma ihun tare, suna dariya.

Odessa ta ratsa su da sandarta, ta fizge wayar lasifika daga bango.

"Haba Kaka!" in ji amarya Marnelle. "Waƙarki ce fa! Ni na ce ya saka, don a karrama ki."

"Karramawa? A gabana za ku wage baki kuna kwaikwayona kamar birai?"

"To mene ne? Duk duniya haka ake yi."

"Duniya ta ci ƙaniyarta!"

Tsohuwar ta kalli Marnelle, yarinyar da ta ɗauko idanun kakanta Lucius, wanda a hoto kawai ta san shi.

"Na durƙusa na roƙi mai kamfanin da ya ɗauki waƙar ya goge wurin ihun nan," ta ce. "Ya yi dariya, wai shi ne gishirin waƙar."

"Me ya sa za a goge?"

"Don ba waƙa ba ce. Ina cikin rerawa, da cikin uwarki wata bakwai, aka buɗe ƙofa aka ce mota ta kashe Lucius. Ba su tsayar da na'urar ɗaukar murya ba."