Fensiran Tsohon Safiyo

Ranar wata Asabar da hantsi, wani tsohon safiyo, mai awon filaye, ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado. Shekara talatin yana tara fensira irin na ƙarfe, waɗanda ake danna musu kai bakin rubutu ya fito. Wani a gwanjo ya tsinto shi, wani kuma abokin aiki ne ya bar masa. Akwai guda mai ruwan azurfa wanda ɗari biyar kacal aka ƙera irinsa a duniya, lambarsa na jikinsa. Bai taɓa ja ko layi ɗaya da su ba. Duk ƙarshen damina yakan ɗiga wa kowanne man gyaɗa, kamar yadda mahaifinsa yake yi wa wuƙa don tsatsa, ya naɗe a ƙyalle ya mayar. Aikinsa kuwa da wani koɗaɗɗe yake yi, wanda yatsunsa suka cinye wa fenti.

'Yarsa ta kammala karatun zanen gine-gine, ran Litinin za ta kama aiki, kuma tun tana ƙarama ya yi mata alkawarin mai ruwan azurfar. Ya warware ƙyallen a gabanta, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa har babban yatsansa ya yi fari. Ashe man ya daskare a ciki ya zama ƙaro, ya riƙe komai gam. Ya gwada na biyu, ya gwada na goma, duk kanwar ja ce. Ya zauna da ƙyalle a cinya, ya kasa ɗaga ido ya dube ta.

Ita kuwa ta sa hannu a aljihun rigarsa ta zaro koɗaɗɗen, ta danna, baki ya fito tsaf.

"Baba, da ma wannan nake so. Su waɗancan ai amare ne, ba su san aiki ba."

Tsoho ya yi dariya har da share ido. Da yamma suka baje tabarma, suka kwance fensiran ɗaya bayan ɗaya suna wankewa da kananzir. Bakwai suka tashi, sauran ba su tashi ba, har da mai ruwan azurfar. Daga ranar kowace safiya yakan ɗauki ɗaya cikin bakwai ɗin ya rubuta cefanen gida da shi.

Shi ya sa Hausawa suke cewa, amfanin abin ado ɗaurawa.