Masaƙiya da Masu Kiran Rana

Gyara zama ka ji wani misali. Can arewacin duniya, a ƙasar wata al'umma da ake kira Silabawa, inda ƙanƙara ke zuba a hankali kamar ana shiƙar auduga daga sama, akwai ranar da ta fi kowace gajarta a shekara. Mutanen wurin kan ce rana ce ta tsufa, za a sake haihuwarta jaririya. Sai su yafa fatun awaki, su ɗaura tauraron takarda a kan doguwar sanda, su bi gida gida suna waƙa suna watsa alkama a bakin ƙofa, wai suna kiran rana ta dawo. A wani ƙauye nasu akwai wata masaƙiya, tsohuwa, da ƙanenta mai kiwon zuma a tsallaken kogi. Ba faɗa suka yi ba. Ita tana ganin ƙarami ne ya kamata ya zo gaida babba, shi kuma yana ganin ta manta da shi, har shekaru suka shige. Kullum tana sa shi a addu'a, tana saƙa masa mayafi tana ninkewa tana ajiyewa.

Da ranar bikin ta zo, masu waƙa suka tsaya ƙofarta da la'asar, numfashinsu na tashi fari kamar turare. Ta ba su dafaffiyar alkama da zuma, ta ji sun ce tsallake za su. Ba ta san lokacin da ta rungumi mayafan ta bi bayansu ba. Kogin ya daskare ya zama hanya, ta taka shi tana hangen kifaye a ƙarƙashin ƙafarta kamar masu barci cikin kwalba, tauraron yana lilo a gaba, rana ja-wur tana zamewa bayan itatuwa. Duk gidajen tsallake suna fitar da hayaƙi, ban da ɗaya. Ta tura ƙofar, ta tarar da ƙanenta kwance, zazzaɓi ya kayar da shi, murhu ya mutu, ruwan randa ya zama dutse. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, “Yaya, ke ce, ko mafarki nake?” Ta ce, “Ni ce, kwanta.” Ta lulluɓe shi, masu waƙa suka faso itace suka hura wuta, suka zagaye gadon suna rerawa ƙasa-ƙasa har jini ya dawo fuskarsa. Da ta tsaya a gida tana ƙaunarsa daga nesa, da gawarsa za a tarar idan ƙanƙara ta narke. Ta zauna tana murza masa tafin ƙafa, hawaye na sauka, tana tuna shekarun da kogi ɗaya ya cinye musu.

Shi ya sa magabata suka ce, zumunta a ƙafa take.