Muryar Tasalla

Tun da sassafe Malam Ɗantani ya sha babbar riga, sai zumuɗi yake yi. Yau za a buɗe gidan tarihin na'urori a Zariya, kuma shi ne babban baƙo, domin da muryar matarsa marigayiya Tasalla aka fara koya wa kwamfuta Hausa. Yanzu motocin haya da famfunan unguwa duk da muryarta suke gaishe da mutane.

"Baba, ga ta farkon nan," in ji jami'ar gidan, tana nuna masa wata tsohuwar kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya. "An gyara ta, har gane mutane take yi. Yi mata sallama!"

Ya karkata hula kamar mai zuwa zance, ya rangaɗa sallama, baki har kunne.

"Wa'alaikumus salam," ta amsa da muryar nan mai sanyi. "Maraba da Ɗantani!"

Jama'a suka kaure da tafi. Shi kuwa sai ya mayar da hularsa daidai. Duk tsawon zamansu, ko da wasa Tasalla ba ta taɓa kama sunansa ba.

Ya juya ga jami'ar, murya ƙasa-ƙasa. "'Yata, don Allah ku koya mata ta riƙa cewa Malam."