Haɗin Lason Baba

"Ba zan faɗa ba," in ji Baba, ya ci gaba da yaɓe.

Ginin farko ke nan da 'yarsa ta zana, ɗakin karatu a Fagge, shi kuma yake shafe shi da laso, simintin gargajiya da ya gada. Masu ba da shaidar ginin da ba ya cutar da muhalli sun ce sai an bayyana abin da ke cikin kowane kayan aiki. Mai fenti ya bayyana, mai tayil na Sabon Gari ma haka. Saura laso, in babu shi babu shaida.

"Haba Baba! Ba fa sacewa za su yi ba," in ji 'yar tasa.

"Haɗin gidanmu magaji kaɗai ake faɗa wa."

Magajin kuwa babu shi. Yayyenta maza duk sun koma sayar da waya. Ta juya za ta tari adaidaita.

"Ke Injiniya, ina zuwa? Cire takalmi ki shigo kwaɓin nan. Katsin marina ne farko, wato dagwalon gindin rijiyar rini, sai gashin akuya. In kin gada ya zama naki, ki faɗa wa wanda kika ga dama."